Yadda Za Mu Raba Kwanakin Asusu Zango-Zango, Kowanne Sati Huɗu

Iyayena da yayyena mata, kowace ƙungiyar asusu tana da ranar da ta fara zubi da ranar da za ta buɗe akwati a yi rabo. Kwanakin da ke tsakanin waɗannan ranaku biyu su muke kira zagaye. A cikin zagaye ake zubi, a ba da rance, a biya, a ci tarar wadda ta makara. Duk waɗannan abubuwa suna rataye ne a kan tambaya ɗaya: yaushe? Idan amsar da ke bakin shugaba daban, ta sakatariya daban, ta mai karɓar rance daban, to rigima ta samu ƙofar shiga ko da babu wadda ta yi niyyar cutar wata.

Aikina shi ne zagayawa ƙungiyoyi a Basirka da ƙauyukan da ke kewaye, har zuwa ɓangaren Gwaram da Birnin Kudu. Abin da na fi zama a kai sulhu bai wuce maganar wa'adi ba. Shi ya sa a wannan babi zan yi bayanin hanyar da za mu yanka zagayenmu gida-gida, kowane gida tsawonsa ɗaya da ɗan'uwansa, a kuma san ranakun tun kafin a zuba ko sisi.

Wata bai da tsawo ɗaya

Mun saba cewa "zan biya nan da wata uku". To, wane watan? Mu a nan wata iri biyu muke amfani da su, kuma babu wanda ya tsaya a kan adadi guda.

Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, kuma ba ma sanin wanne ne sai an duba an gani, Sarkin Musulmi ya ba da sanarwa daga Sakkwato. Shekararsa kwana 354 ce ko 355, wato ta gaza ta Bature da kamar kwana 11. Shi ya sa Sallah take ja da baya kowace shekara. A 2023 an yi ƙaramar Sallah ran 21 ga Afrilu, a 2024 ran 10 ga Afrilu, a 2025 kuma ran 30 ga Maris. Wannan lissafi shi ne na ibadarmu, da shi muke azumi da layya, yana nan daram a wurinsa. Amma ba za ki iya zama yau ki rubuta da tabbaci ranar da wata uku zai cika ba.

Watan Bature kuwa an san shi tun farko, sai dai shi ma hawa da sauka yake yi. Fabrairu kwana 28, wani lokaci 29. Afrilu da Yuni da Satumba da Nuwamba kwana 30. Sauran bakwai ɗin kwana 31. Wadda ta karɓi rancen "wata uku" ran 1 ga Fabrairu, in ba shekara mai ƙarin kwana ba ce, kwana 89 za ta riƙe kuɗin. Wadda ta karɓa ran 1 ga Yuli kwana 92 za ta riƙe. Suna ɗaya, tsawo daban.

Akwai wata matsalar kuma. Da yawa suna ɗauka kowane wata zama huɗu ne, shekara kuma zama 48. Ba haka ba ne. Shekara tana da sati 52. Ƙungiyar da ke zama ran Litinin, a 2026 za ta tarar da Litinin biyar-biyar a Maris da Yuni da Agusta da Nuwamba. Idan ana cewa "sati huɗu wata ne", me za a yi da wannan Litinin ta biyar? Wasu sukan ce a huta, wasu su ce a zuba, sai rabin mutane su zo rabi su zauna a gida. Mu ɗauka mata 20 ne, hannu ɗaya ₦200, kowace tana zuba hannu biyar, wato ₦1,000 a sati. Zama huɗun nan in suka salwanta, ₦80,000 ke nan ba ta shiga akwati ba.

Na taɓa zama da wata ƙungiya da wannan abu ya kusa wargazawa. Wata baiwar Allah mai yin ƙuli-ƙuli ta karɓi rance ran 20 ga Yuli, aka ce mata wata uku. Ita a wayar ɗanta take dubawa, don haka 20 ga Oktoba ta sa a ranta. Sakatariya kuwa zaman rance uku ta ƙirga, sai ya faɗo 12 ga Oktoba. Ranar ta zo, mai ƙuli ba ta zo da cikon kuɗi ba, aka ce za a ci ta tara. Ta ce, "Malama, ni fa ban saɓa alkawari ba, saura kwana takwas." Wata dattijuwa a gefe ta ce ai ita da ganin wata ta ƙirga, kuma a lissafinta saura kwana huɗu ko biyar. Duk su ukun gaskiya suka faɗa. Wadda ta kwana a ciki ita ce ta huɗu, wadda ke jiran kuɗin nan ta sari gyaɗa tun tana araha a farkon kaka. Sai da ta jira zaman rance na gaba, lokacin farashi ya riga ya motsa.

Sati ba ya canzawa

Abin da duk muka yarda da shi, mai karatu da marar karatu, mai bin watan sama da mai bin kalanda, shi ne sati. Daga Juma'a zuwa Juma'a kwana bakwai ne a damina da rani, a azumi da bayan Sallah. Ranar kasuwa ma da shi take tafiya. Saboda haka da sati za mu auna komai na ƙungiya.

Sati huɗu kuma mu haɗa su mu kira su zango. Zango ɗaya kwana 28 ne, babu ƙari babu ragi. A kowane zango akwai zama huɗu. Na farko da na biyu da na uku, zubi ne da kuɗin taimakon juna kawai. Na huɗu, bayan an gama zubi, shi ne zaman rance: masu biya su biya, masu nema su nema. Ina roƙon mu daina kiran zango da sunan wata ko da a baki ne, domin da zarar an ce wata, kowace za ta koma lissafinta na gida.

Shekara guda zango 13 ce. 13 sau 28 ya ba da kwana 364, saura kwana ɗaya shekarar Bature ta cika. Wannan kwana ɗayan ba ruwanmu da shi, tunda mu ranar zama muke bi.

Ba baƙon abu muka kawo ba

Irin wannan asusu na akwati mai makulli uku a ƙasar Hausa aka haife shi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da matan karkara a yankin Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar, da sunan Mata Masu Dubara, an kuma gina shi ne a kan adashin da iyayenmu suka sani. Daga can ya bazu ƙasashen Afirka da dama har da wajen Afirka. Tsarin da aka fi bi shi ne zama sati-sati, zagaye kuma daga wata tara zuwa shekara ɗaya, sannan a raba a sake sabon lale.

A adashi lissafin kwanaki ba ya ba da wahala, domin yawan mutane shi ke yanke tsawonsa. Mata 20 masu zubin sati, sati 20 ne kowa ta kwasa an gama. A asusu kuwa kuɗi suna fita suna dawowa sau da yawa kafin rabo, don haka mu ne za mu yanka wa kanmu kwanakin.

Ko a wajen noma ma, malamai da tsofaffin manoma suna da lissafin taurari wanda bai dogara da ganin wata ba. Taurari 28 ne, kowanne kwana 13, in ban da Jabha da ake ba kwana 14 don shekara ta cika 365. Bazara da damina da kaka da ɗari, kowanne taurari bakwai. Da shi ake gane lokacin shuka, tunda watan sama yana zagayawa amma damina ba ta bin sa. Su sun yi gida 28 mai kwana 13, mu muna yin gida 13 mai kwana 28. Dalilin ɗaya ne: aikin da ke son tsari yana son ma'aunin da ba ya motsi.

Yadda za ku tsara zagayenku

Tun ran gini, tun ran zane. Wannan aiki a zaman kafa dokoki ake yin sa, kowa tana wurin.

Na farko, ku zaɓi ranar zama guda ɗaya a sati, da lokaci. Ku guji Juma'a da ranar kasuwar da yawancinku ke ci.

Na biyu, ku tambayi kanku: yaushe muka fi bukatar kuɗinmu a dunƙule? Wasu za su ce gab da faɗuwar damina, don taki da iri da kuɗin ƙwadago. Wasu za su ce kafin Sallah. Wasu lokacin komawar yara makaranta. Ku tsaya a kan guda.

Na uku, ku ɗauko kalanda ku ƙirga ranakun zama nawa ne daga farawa zuwa wannan lokaci, ku raba su huɗu-huɗu. Abin da ya fito shi ne yawan zangonku. Kada ya gaza zango 10, wato sati 40, wanda ya ɗan haura wata tara. Kada kuma ya wuce zango 13.

Na huɗu, in an samu ragowar sati ɗaya ko biyu ko uku, kada a cusa su cikin wani zango ya zama sati biyar. A ajiye su a waje: ko kafin farawa, a yi zaɓen shugabanni da bitar dokoki, ko bayan rabo, a huta.

Ga misali. Ƙungiya tana zama ran Litinin, za ta fara 1 ga Yuni 2026. Tana son rabo kafin babbar Sallar 2027, wadda ake sa ran za ta kama wajen tsakiyar Mayu in Allah ya kai mu, lokacin kuma ana shirin damina. Daga 1 ga Yuni 2026 zuwa 10 ga Mayu 2027 akwai Litinin 50. In an raba 50 huɗu-huɗu, an samu zango 12, saura 2. To zagayensu zama 48 ne, Litinin biyun da suka rage kuma hutu ne da shirin sabon zagaye. Ranakun zaman rance, wato ƙarshen kowane zango, ga su:

Zama na 4: 22 ga Yuni 2026
Zama na 8: 20 ga Yuli
Zama na 12: 17 ga Agusta
Zama na 16: 14 ga Satumba
Zama na 20: 12 ga Oktoba
Zama na 24: 9 ga Nuwamba
Zama na 28: 7 ga Disamba
Zama na 32: 4 ga Janairu 2027
Zama na 36: 1 ga Fabrairu
Zama na 40: 1 ga Maris
Zama na 44: 29 ga Maris
Zama na 48: 26 ga Afrilu, ranar rabo

Ku lura da Maris: ƙarshen zango ya faɗo sau biyu a cikinsa, ran 1 da ran 29. Ba kuskure ba ne. Tsakaninsu kwana 28 ne cif, kamar sauran. Sakatariya ta rubuta wannan jeri a shafin farko na babban littafi, a kuma kwafa a bayan ɗan littafin zubin kowace mamba.

Ƙirga wa'adin rance

Daga yanzu rance da lambar zama za a riƙa faɗarsa. Maimakon "wata uku", a ce sati 12, ko zango uku, wato kwana 84 ga kowa, ko yaushe ta karɓa. Lissafin mai sauƙi ne: lambar zaman da aka karɓa, a ƙara mata 12. Wadda ta karɓa a zama na 8 za ta gama biya a zama na 20. Idan ₦12,000 ta karɓa kuma dokarku ta ce a biya kashi uku, za ta kawo ₦4,000 a zama na 12, ₦4,000 a na 16, ₦4,000 a na 20.

A nan akwai wurin da ake yawan tuntuɓe. Ranar da aka karɓi kuɗi ba a ƙirga ta a matsayin sati na farko. Ku tuna da suna: jaririn da aka haifa ran Litinin, sai Litinin ta zagayo ake cewa ya yi sati, a raɗa masa suna. Haka rance yake. An karɓa a zama na 8, zama na 9 ne ya yi sati ɗaya. Wadda ta fara ƙirga daga na 8 ɗin za ta tsaya a na 19, ta ci wa mai rance sati guda ba da hakki ba. Ki ɗaga hannunki ki duba: yatsu biyar ne, amma tsakaninsu huɗu. Zama su ne yatsun, satuttukan su ne tsakanin.

Idan shugaba za ta miƙa kuɗi, ta faɗa da ƙarfi kowa ya ji: "Yaya wance ta karɓi kaza a zama na takwas, za ta gama biya a zama na ashirin." Mai karɓa ta maimaita da bakinta, sannan ta dangwala. Maganar abin da ake ɗorawa ko ba a ɗorawa a kan rance, da yadda ƙungiyoyinmu ke kauce wa kuɗin ruwa, tana cikin dokokin da kuka rubuta wa kanku. Ko da rancen babu ƙarin komai, wa'adi yana da nauyi, domin duk satin da kuɗi suka ƙara a hannun wata, akwai wadda ke layi tana jira.

Rance na ƙarshe

Ranar rabo ba ranar bin bashi ba ce. Ana so duk kuɗi su dawo akwati zango guda kafin rabo, a samu sati huɗu na tuntuɓar wadda ta samu matsala da daidaita littafi. A misalinmu, wannan yana nufin komai ya dawo a zama na 44. Sai a ƙirga da baya. Rancen sati 12 na ƙarshe a zama na 32 za a ba da shi. A zama na 36, sati 8 kawai za a iya bayarwa. A zama na 40, sati 4. A zama na 44 babu rance, karɓa kawai ake yi. Zubi kuwa yana ci gaba.

A faɗi wannan tun zama na farko, a kuma riƙa tunatarwa daga zama na 28. Wadda ke son kiwon ragon Sallah ko sarin riɗi ta san ƙofar da za ta nema kafin a rufe, kada ta zo a makare ta ga kamar an hana ta ne don ƙiyayya.

Idan azumi ko Sallah ko rasuwa suka faɗo

Tunda watan Musulunci yana zagayawa, yawanci zagaye zai haɗu da azumi a wani wuri. A misalinmu ana sa ran azumi zai kama cikin kwanakin farko na Fabrairu 2027, wato jim kaɗan bayan zama na 36. Da azumi a sauya lokaci, kamar a dawo da shi hantsi kafin a shiga aikin buɗa-baki, amma a bar ranar yadda take.

In ranar zama ta faɗo ran Sallah, ko aka yi rasuwa a gari, ko ruwa ya hana fita, a ɗaga zaman zuwa wata rana a cikin satin nan. In hakan bai yiwu ba, a haɗa zubi biyu a zama na gaba, sakatariya ta cike layi biyu. Abin da ba a yi shi ne a tura lambobin gaba. Zama na 21 yana nan a satinsa ko an zauna ko ba a zauna ba. Da zarar an fara turawa, ranar biyan kowa ta gurɗe, ranar rabo ma ta bi su, har ta tsallake Sallar da aka shirya dominta.

Wadda rashin lafiya ko haihuwa ko wata jarrabawa ta hana biya, ƙungiya na iya ɗaga mata ƙafa in dokarku ta yarda. Amma a ɗaga da zango cikakke, a faɗi sabuwar lambar zaman a gaban kowa, a rubuta. "Sai ta samu" ba wa'adi ba ne.

Ga wadda ba ta karatu

Bai kamata lissafin kwanaki ya zauna a kan sakatariya ita kaɗai ba. Ga hanyoyi biyu da na ga suna aiki.

Ta farko, a samu gwangwani biyu a ajiye cikin akwati. A zuba 'ya'yan tsamiya 36 da ƙwallon dabino 12 a ɗaya, jimla 48. Kowane zama, kafin a rufe akwati, ɗaya daga masu ƙirga kuɗi ta ɗauki guda ta jefa a gwangwani na biyu a gaban jama'a: tsamiya a zaman zubi, dabino a zaman rance. Duk mai son sanin zango nawa suka rage, ta ƙirga dabinon da bai ƙaura ba.

Ta biyu, a zana a kwali layi 12, kowane layi gida huɗu, gida na huɗu a shafa masa shuni ko jan alli. Kowane zama a soke gida ɗaya. Mai rance kuma a nuna mata jan gidan da ta karɓa, ta sauko layi uku da yatsanta, nan ne ranar gamawarta. A gida tana iya ƙulla igiya ƙulli 12, ta riƙa kwance ɗaya duk ranar zama, farawa daga zaman da ya biyo bayan karɓa.

A buɗe kowane zama da tambaya: "Yau zama na nawa? Zango na nawa? Saura nawa rabo?" Kowa ta amsa. Cikin sati kaɗan za ku ga har wadda ba ta taɓa riƙe biro ba tana gyara wa sakatariya in ta yi tuntuɓen harshe.

Aikin zama mai zuwa

Ku zo da kalandar bana da ta baɗi, ko waya mai kalanda. Ku tsayar da ranar zama da lokacin da kuke son rabo, ku ƙirga, ku raba huɗu-huɗu, ku fitar da ranakun zaman rance da zaman da za a rufe rance. Ƙungiyar da ta riga ta yi nisa a zagayenta ba sai ta jira sabo ba: ta ƙirga zaman da ta yi a littafi, ta sa wa kowanne lamba, ta mai da wa'adin duk rancen da ke waje zuwa lambar zama da yardar masu shi. Idan na zo zagaye sai mu duba jerin tare kafin a kwafa a littattafan zubi. Allah ya sa albarka a abin da muke tarawa.